Ƙauyen da Mota ba ta Zuwa Sai Ranar Kasuwa

Wanda ya tsaya a bakin titin Gadau da hantsi ba zai yarda ana ƙarancin abin hawa a wannan yanki ba. Tun da aka kafa jami'ar jihar Bauchi a garin a 2011, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, motoci da Keke Napep da babura ba sa yankewa tsakaninsa da Azare. Amma wannan arzikin bakin kwalta ne kawai. Da ka saki titi ka nausa ƙauyukan da ke cikin jigawa, ko waɗanda ke gefen fadamar kogin Jama'are, sai ka tarar da garin da mota ba ta leƙa shi sai ranar kasuwa. Ita ma ta zo ɗaukar buhuna da awaki ne, mutum ya samu inda zai raɓa a kan kaya. Sauran kwanakin mako kuwa sai ɗan acaɓa, ko amalanke, ko ƙafa. Da rani yashi ya riƙe taya, da damina laka ta karɓe shi.

Saurayi mai babur bai san ana wannan wahala ba. Masu shan ta su ne tsohon da ba zai iya zama a bayan babur ba, da mai ciki wata takwas, da mai hawan jini ko ciwon suga da likita ya ce ya riƙa dawowa Azare duk wata, da nakasasshe, da matar da mijinta ya tafi cirani. Ba asibiti kaɗai ke kuɓuce musu ba. Tsohuwa za ta ji rasuwar ƙanwarta a wani gari, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, ba ta je ta'aziyya ba. 'Yarta ta haihu a gidan miji, sai dai ta aika da barka ta waya. A hankali zumunci ya yi sanyi, mutum yana cikin jama'a amma kaɗaici na cin sa. Abin ya ƙara tsananta bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ɗaukar shatar mota ya fi ƙarfin talaka, tafiyar da ba ta zama dole ba duk aka soke ta.

Turawa ma sun gamu da irin wannan, lokacin da kamfanonin bas suka janye daga ƙananan ƙauyuka saboda babu riba. A ƙasar Holan, tun 1977 aka fara motocin unguwa da mutanen gari ke tuƙawa kyauta. Jamus ta bi sahu a 1985. Motar ƙarama ce mai ɗaukar fasinja 8, domin mai lasin ƙaramar mota ya iya jan ta, kuma galibin direbobin 'yan fansho ne da ke karɓa-karɓa, kowa da ranarsa. A Birtaniya dokar sufuri ta 1985 ta ba ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba izinin gudanar da irin waɗannan motoci. Abin lura a nan shi ne ɗan sa-kai lokacinsa kawai yake bayarwa. Sayen mota da mai da gyara da inshora suna fitowa ne daga hukuma ko kamfanin sufuri, da ɗan abin da fasinja ya biya. Ba a taɓa ɗora wa direba duka nauyin ba.

Mu ma muna da namu, sai dai ba a cika ba shi labari ba. A shekarun 1990 wasu masu bincike kan mutuwar mata wajen haihuwa sun haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, a jihar Kebbi, aka horar da direbobin tasha su riƙa kai mata masu doguwar naƙuda asibiti. Daga baya shirin PRRINN-MNCH, wanda Birtaniya da Norway suka ɗauki nauyi, ya faɗaɗa tsarin a Katsina da Zamfara da Jigawa da Yobe, biyun ƙarshe kuwa maƙwabtan wannan yanki namu na Katagum ne. Ma'aikatan lafiya suna kiransa ETS. Ba a sayi sabuwar mota ko ɗaya don shi ba. Motar haya ce dai wadda direba ke neman abinci da ita.

Ga yadda yake tafiya. A zaɓi direban da ke kwana a ƙauye ko kusa da shi, a koya masa alamomin haɗari, kamar zubar jini da jijjiga da naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, da yadda ake ɗaukar mai ciki a kwantar da ita a kujerar baya. Lambar wayarsa tana hannun mai unguwa da unguwarzoma. Ko ƙarfe biyun dare aka kira shi zai tashi, kuma ba ya tsayawa ciniki a ƙofar gida alhali mace na zubar da jini. Kuɗin mai kawai ake nema daga iyalinta. In ya sauke ta, a rubuta tafiyar a ɗan littafinsa. Ladan da tasha ke ba shi shi ne ya fi burge ni: washegari in ya shigo, ba zai bi layi ba, shi ne zai fara lodi. Wanda ya san yadda direba ke wuni a tasha yana jiran layi ya zo kansa ya san wannan ba ƙaramin tukuici ba ne, kuma ko kwabo bai fita daga aljihun kowa ba.

To amma tsarin na gaggawa ne. Bai shafi mai zuwa awo ba, balle dattijon da maganinsa ya ƙare. A nan ne nake ganin ya kamata ƙauyukanmu su ɗora.

Da an yi maganar motar al'umma, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne a je a roƙi ɗan siyasa ya ba da bas. Mun ga ƙarshen irin waɗannan motoci. A yi bikin miƙa mukulli, hoton mai kyauta manne a jiki, wata shida tana zuwa biki da taron jam'iyya. Ranar da giya ta lalace sai a rasa mai sa hannu a aljihu, domin motar ta kowa ce. Daga nan sai a ɗora ta kan duwatsu a gindin darbejiya, kaji su samu wurin ƙwai. Rashin asusu da rashin mai alhaki ne suka kashe ta.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara ba tare da mota ba. Ƙauyuka uku ko huɗu da ke kan hanya ɗaya su zauna da shugaban tashar da ta fi kusa, su yi yarjejeniya da direba ɗaya: rana kaza duk mako, bayan sallar asuba, zai biyo ya kwashi mutane zuwa Gadau ko Azare, ya dawo da su kafin la'asar. A daidaita ranar da ranar awo a asibitin da matan ke zuwa. Mai hali ya biya kuɗin kujerarsa, kujera biyu ko uku kuma a ware wa tsofaffi da marasa ƙarfi, asusun gari ya biya musu. Asusun ba sai da tsabar kuɗi ba. Da kaka kowane gida ya auna tiya ɗaya ta gero ko riɗi ko shinkafa, a adana, a sayar in farashi ya tashi. Mutanen da suka saba da aikin gayya da adashi ba sa buƙatar a koya musu wannan. Inda ake tuntuɓe shi ne lissafi, don haka ma'aji daban, mai rubutu daban, kuma a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a duk wata. A sa mace a kwamitin, tunda mata ne mafi yawan masu shiga motar, su suka san wadda ke buƙatar a tsaya mata a ƙofar gida. Kada kuma a yi abin a bayan idon 'yan tasha da 'yan acaɓa. Wanda ya ga za a taɓa masa abinci, zai nemo hanyar da zai ɓata shirin.

Akwai abin da gayya ba za ta iya ba. In ruwa ya cinye kwalbati a watan Agusta, babu direban da zai tsallake, wannan aikin ƙaramar hukuma ne da gwamnatin jiha. Sauran kuwa yana hannun dagatai da limamai da ƙungiyoyin ci gaban gari na Itas/Gadau da Zaki da Gamawa da Katagum, har da ɗaliban jami'ar Gadau 'yan asalin ƙauyukan nan, waɗanda za su iya riƙe littafin lissafi. Jama'a, kafin a fara sayar da amfanin bana, a kira taro a ƙofar mai gari, a gayyato shugaban tasha, a tsayar da rana ɗaya a mako.