Dillali ya ce “nuna mini takardarki”: me za mu nuna, me za mu riƙe a ciki?

Duk lokacin da aka raba asusu, ko kuɗin albasa suka shigo hannu, zancen da ke cika tarurrukanmu shi ne na sayen fili ko ɗan gida. Ba abin mamaki ba ne. Tsarnawa tana bakin babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, daidai inda hanyar Tawa ta rabu, ga Ƙonni kusa, ga Malbaza da Galmi a gaba. Wuri irin wannan ba ya rasa masu neman fili, kuma inda masu saye suke, nan dillalai suke.

Da zarar mace ta ce tana neman wuri, tambayar farko da dillali ke yi ita ce: “Hajiya, nawa kika tanada?” In ya ji bashi za ta ci a banki ko a kes, sai ya ƙara: “To, kawo takardar in gani.” A kan amsar wannan tambaya muke son mu yi shawara yau, domin a nan ake fara cin riba, a nan kuma ake fara faɗuwa.

Dalilin da ya sa yake tambaya

Mu yi wa dillali adalci. Yana da hujja. Ba ya son ya kwana uku yana yawo da mutum a rana, ya tayar da mai fili, ƙarshe a ce babu ko dala. Mai sayarwa ma ya fi sakin jiki da wadda ya tabbatar da gaske take. Ko a Ingila haka abin yake: masu dillancin gidaje kan nemi mai saye ya nuna takardar da banki ya rubuta cewa a shirye yake ya ba shi bashi, kafin su ɗauki tayinsa da muhimmanci. Saboda haka mu ba mu ce a ƙi nuna komai ba.

Amma mu tuna da abu ɗaya. La'adar dillali tana bin kuɗin ciniki ne: in farashi ya hau, tasa ta hau. A ce banki ya amince miki da miliyan 2 na sefa, mai fili kuwa a ransa ko miliyan 1 da rabi aka ba shi zai sallama. Ranar da dillali ya ga miliyan 2 a rubuce, daga ranar filin ya zama na miliyan 2. Sauran jika 500 da kika yi niyyar sayen siminti da biyan magina, sun tafi tun ba a kafa bulo ɗaya ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin da za a nuna

Abin da dillali ke bukatar sani shi ne kina iya saye. Iyakar ƙarfinki kuwa sirrinki ne. In kin je karɓar takardar amincewa, ki roƙi ma'aikacin banki ko na kes ya rubuta cewa an yarda a ba ki bashin sayen fili, ba tare da an sa jimillar kuɗin ba. In ba su yin haka, ki yi fotokopi, ki rufe wurin da aka rubuta kuɗin da lambar ajiyarki, ki nuna wannan. Ta asali ta zauna a gida. Kada a ɗauki hotonta a waya, domin hoton da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Katin shaidarki ma haka: a gani a hannunki, a mayar miki.

In ya matsa, amsa mai sauƙi ce, ba faɗa ba gaba: “Malam, kai dai faɗi kuɗin wurin. In ya yi mini, ka ga kuɗinka gaban shaidu.”

Akwai kuma wata ƙofa da ta shafe mu kai tsaye. Tun da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, abin da ya riƙe asusunmu shi ne amana: akwati a kulle, makullai a hannun mata daban-daban, littafi a hannun magatakarda. Dillali mai wayo, in bai samu labari wurin mai saye ba, yakan zagaya wurin shugaba ko ma'ajiya: “Inna, wance nawa gare ta a asusu?” Wannan ba tambayar da za a amsa ba ce, ko da ɗan uwa ne. In ana bukatar shaida daga ƙungiya, a rubuta cewa wance mamba ce mai cika zubi, kuma da yardarta za a rubuta. Littafi ba ya fita daga taro.

Shi ma ya nuna tasa

Ciniki ba gefe ɗaya ba ne. Wanda ya ce ki nuna takarda, ki ce shi ma ya nuna ta filin, kuma tasa ce ke fara fitowa. In wurin yana cikin filayen da ma'aikatar magajin gari ta yanka ta raba, akwai takardar mallaka da ake kira akt da sesiyon, mai ɗauke da lambar fili da sunan mai shi. A je ma'aikatar a duba ko sunan da ke takarda shi ne ke cikin rajista. In kuwa gona ce ko filin gargajiya, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye. Yau akwai su a gari, a komin da kuma a departama. Na gari, wanda muke kira Kofob, maigari ne ke shugabantarsa, kuma akwai kujerar mata a ciki. Nan ake yin takardar shaidar sayarwa.

Filin gado ya fi kowane buƙatar natsuwa. Mutum ɗaya ba ya sayar da abin magada goma. A tambaya ko an raba gadon, a ji ta bakin sauran magada, har da mata da waɗanda ke ci-rani a Najeriya ko Kodebuwa. A kuma gana da mai filin ido da ido, a taka iyakokin tare da maƙwabta. Gani ya kori ji.

Amincewa ba kuɗi a hannu ba ce

Wannan shi ne inda mata da yawa ke tuntuɓe. Takardar amincewa alkawari ne mai sharaɗi. Banki zai sake duba takardun filin kafin ya saki kuɗi, kuma don jingina ya fi son babbar takardar mallaka, wato titir fonsiye, wadda filaye da yawa a garuruwanmu ba su da ita. Ko Bankin Gidaje na Nijar da aka buɗe a Yamai a 2018 don irin wannan bashi, sai ya ga takardu. Yana yiwuwa a amince da ke, a ƙi filin.

Don haka in dillali ya ce a ba da kafin alƙalami “don kada wani ya riga ki”, kada gaggawarsa ta zama taki. In za a bayar, a ba mai filin da kansa gaban shaidu, a rubuta nawa aka bayar, a rubuta kuma cewa in banki bai saki kuɗi ba, ko takardun filin suka zo da matsala, za a mayar. La'ada ma a yanke ta tun farko: nawa ce, wa zai biya, kuma sai an gama ciniki. Kada a ci bashin asusu don biyan kafin alƙalami alhali babban bashin bai tabbata ba. Bashin asusu na ƴan watanni ne, in abin ya wargaje, kuɗin ƴan uwa ne suka maƙale.

Sunan wa za a rubuta?

Ranar rubuta takarda, mu buɗe ido. Wadda ta yi zubi shekara da shekaru, wadda kuma za ta biya bashin, sunanta ne ya kamata ya hau takarda. Addini bai hana mace mallakar fili ba, dokar ƙasa ma ba ta hana ba. Maigida ko yaya ya raka ta, ya tsaya shaida, wannan mutunci ne. Amma kunya kada ta sa a rubuta sunan wani da cewa “ai duk ɗaya ne”. Ranar rabon gado ba ɗaya ba ne. Wadda ba ta karatu ta tafi da magatakardar ƙungiya ko ɗiyarta mai karatu, a karanta mata kowane layi kafin ta dangwala hannu.

Muna roƙon kowace shugaba ta ware ɗan lokaci a taron wannan mako, bayan an gama zubi, a karanta wannan shafi a tattauna. Ƙungiyar da ke da mai niyyar saye ta zaɓi mata biyu da za su raka ta wurin Kofob ko ma'aikatar magajin gari. Allah ya sa guminmu ya zama inuwar ƴaƴanmu, ya raba mu da cinikin da-na-sani. Amin.