Karatun Motsin Jiki: Ba Guje-Guje Da Tsalle-Tsalle Ba Ne Kawai

Sau da yawa yarinya za ta samu gurbin karatu a jami'a, gida ya kaure da murna, amma da an ji sashen nazarin motsin jiki ne sai fuska ta canza. Sai ka ji Baba ya ce, "Au, wasan ƙwallo zan biya wa kuɗi?" Daga nan a ninke takarda a jefa ƙasan akwati. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206 da tsokoki sama da 600. Yadda suke haɗuwa har mutum ya miƙe, ya sunkuya, ya ɗauki tulu, shi ake karantawa. Ana koyon ginin jiki, aikin zuciya da huhu, abincin da ya dace, da taimakon farko in an ji rauni.

Hanyar biyu ce. Ta farko tana tsangayar ilimi, kamar a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shekara 4. Wadda ta gama tana iya koyarwa, ko ta buɗe wurin motsa jiki na mata zalla. Ta biyu ita ce fiziyoterafi, wato abin da muke kira gashin ƙashi. Wannan ɓangaren lafiya ne, ba ya gaza shekara 5, sannan a yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da digirinsa a 1966. Mai sha'awa sai ta dage da kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks.

To ina ruwanmu mata? Ruwanmu kuwa har da tsaki. Dubi dattijuwar da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, ko maijegon da ciwon baya ya hana ta ɗaukar jaririnta. Maganinsu sai an kama hannu da ƙafa ana motsawa, mako da makonni. Wata in ta tarar namiji ne zai yi mata, kunya ba za ta bari ta koma ba. Sai ta kwanta a ɗaki har gaɓoɓin su sandare. Wani maigidan ma shi zai ce bai yarda ba, alhali shi ne ya hana 'yarsa karatun.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Matan da ke cikin gida, wa zai shiga ya koya musu in ba mace ba?

Don Allah iyayenmu, kafin ku ce a'a, ku je sashen ku tambaya. Ke kuma ƙanwata, kada dariyar ƙawaye ta karya miki gwiwa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.