Lifidi da Sulke a Wasannin Kwamfuta: Daga Samurai Zuwa Baraden Daura

A cikin masu wasannin kwamfuta akwai rukunin da ba ya gamsuwa da abin da kamfani ya fitar, sai ya shiga cikin manhajar ya sauya tufafin mayaƙa da makamansu, kuma wannan kwaskwarima ce ake kira mod. Wata gardama da ake yi a tsakaninsu ita ce ta kayan yaƙin samurai, wato mayaƙan Japan na dā, domin wasan Ghost of Tsushima na 2020, wanda aka gina a kan harin Mongol na 1274, ya sanya wa jarumansa kayan da ba su bayyana ba sai bayan ƙarnoni. Sulken wancan zamani, oyoroi, ƙananan sassan ƙarfe da fata ne da aka ɗaure da igiya domin maharbi a kan doki, alhali mai faffaɗan farantin ƙirji bai yaɗu ba sai bayan isowar bindiga tsibirin Tanegashima a 1543. Da yawa daga cikin masu ƙyalƙyalin da ke gidajen tarihi kuwa na zamanin Edo ne, lokacin zaman lafiya, da aka ƙera su domin nuna daraja.

Wannan matsala ta iso ƙasar Hausa a 2021, lokacin da wasan Age of Empires III ya shigar da Hausawa cikin al'ummominsa, da Sarauniya Amina a matsayin jagora, da kuma mahayi mai lifidi a cikin rundunarsu. Matashin Mai'adua ta ƙasar Daura da ya ga wannan mahayi yana da abin kwatantawa, tunda hakiman masarautar Daura suna fitowa da mahayansu a hawan Sallah da na Gani, sai dai a nan ne haɗarin yake, domin kayan hawa na yau sun bi hanyar da sulken Edo ya bi, ado ya rinjayi kariya.

Lifidin yaƙi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga ko audugar rimi a ɗinke ta, a lulluɓe doki da mahayinsa, kuma amfaninta shi ne tare kibiya mai dafi. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Sulke, wato rigar da aka saƙa da zoben ƙarfe, yawanci ta Sahara yake zuwa, yana da tsada ƙwarai, shi ya sa sarki ne ke raba shi ga manyan bayinsa da baradensa, kuma A. D. H. Bivar ya nazarci waɗanda suka rage a fadodin Arewa cikin littafinsa na 1964. 'Yan lifida ba su da yawa a runduna, nauyi yana hana dokinsu sauri, kibiyar wuta tana kama audugar, wanda ya faɗi kuma da ƙyar yake tashi ba tare da an ɗaga shi ba. Wasan da ya bari a tara su da yawa suna sukuwa ya ba da hoton yaƙin da ba a yi ba.

Abin damuwa shi ne yaro zai riƙe siffar da ya gani a allo fiye da wadda ya karanta. Japan tana da gidajen tarihi da suka rarrabe sulke bisa zamaninsa, don haka mai kwaskwarima yana samun hujja, amma wanda zai zana baraden Daura na kafin jihadin 1804 galibi hotunan hawan Sallah zai tarar a intanet, da alkyabba da jalala masu launin masaƙar zamani. Gyaran yana hannun fadar Daura da malaman tarihi na jami'o'in Katsina, waɗanda ya kamata su ɗauki hoton tsofaffin sulkuna da kwalkwalan da suka rage, su auna nauyinsu, su kuma rubuta abin da maɗinka lifidi da 'yan lifidan fada suka gada game da ɗinki da ɗaurinsa.