Wellington da sarautar da ake gado

A watan Yunin 1814 Arthur Wellesley, wato Wellington, ya shiga majalisar masu sarauta ta Birtaniya karo na farko, aka karanta takardun naɗinsa a zama ɗaya, tun daga baron, matakin ƙasa, har diyuk, wanda ke ƙololuwa. Cikin shekara biyar ya tattara matakan nan biyar, yana fagen daga da sojojin Faransa a Fotugal da Sifaniya, farawa da nasarar Talavera a 1809. Da ya karya Napoleon a Waterloo a 1815, Sarkin Holan ya naɗa shi Yariman Waterloo, majalisar Birtaniya kuma ta saya masa gandun Stratfield Saye a 1817. Ba na ja da cancantarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ladan jarumtar mutum ɗaya ya zama kujerar yin doka ga zuriyarsa har illa masha Allahu.

Masu kare tsarin suna cewa ai gidan sarautar ne ya haifar da shi, tunda mahaifinsa ke riƙe da sarautar Mornington a Ailan. Gaskiya ne, amma hujjar a kansu take komawa. A 1793 da kuɗi ya sayi muƙamin laftanar-kanar, da bashin yayansa Richard, yana ɗan shekara 24. An dace ya zama gwani. Ɗan talaka mai irin basirarsa kuwa ko ƙofar bai gani ba. Sannan iya yaƙi daban, sanin halin jama'a daban. Da ya zama firaminista a 1828 ya yi abin yabo, ya tsaya kai da fata har aka ba 'yan Katolika damar zama a majalisa a 1829. Amma a Nuwamban 1830, lokacin da manyan biranen masana'antu irin su Manchester da Birmingham ba su da wakilai nasu, ya miƙe ya ce tsarin zaɓe ba ya buƙatar gyara. Cikin makonni biyu gwamnatinsa ta faɗi.

Idan mai sarautar na asali ya yi irin wannan tuntuɓe, wace hujja magajinsa zai kafa? Wata doka a 1999 ta sallami masu gadon kujera daga majalisar masu sarauta, ta bar 92 kawai. Duk da haka, a 2015 Diyuk na tara na Wellington ya samu ɗaya daga cikin kujerun nan, a zaɓen cike gurbin da 'yan'uwansa masu gadon sarauta kaɗai suka kaɗa ƙuri'a.