Yadda ake kwafo ƙananan kayan gyara da danƙon ifoksi

A Potiskum, garin da ya yi suna wajen harkar tireloli da manyan motoci a Jihar Yobe, ƙaramin abu kan tsayar da aiki: marfin makunni ya tsage, ko tambarin gaban babur ya ɓalle, kuma ba a sayar da shi shi kaɗai. Akwai hanyar sake yin irinsa ba tare da hura wuta ba.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Masu zubin tukwanen alminiyom kan danna tukunya cikin jiƙaƙƙen yashi, su zare ta, su zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ta bari. Sai dai alminiyom ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 660. Shi kuwa danƙon ifoksi da hannu ake murza shi. Kamfanin Ciba na Suwizalan ne ya fito da ifoksi kasuwa da sunan Araldite a 1946, kuma tun 1968 ake yin nau'insa mai kauri, Milliput, a Birtaniya, inda masu ƙera ƙananan siffofin motoci da jirage suka rungume shi.

Danƙon kan zo kashi biyu masu launi daban. Ana gutsuro daidai-wa-daida, a cuɗa har launin ya zama ɗaya. Idan aka bar zane-zane a ciki, wani sashe ba zai taɓa daskarewa ba. Daga nan sai a shafa basilin a jikin lafiyayyen abin da za a kwafa, a danna rabinsa cikin curin, a huda ƙananan ramuka biyu ko uku a gefe. Bayan ya ƙame, a sake shafa basilin, a rufe da wani curin. Ramukan nan su ne ke sa ɓangarorin biyu su haɗu daidai daga baya, kuma nan ne masu gaggawa suka fi yin asara. Idan an cire na asalin, sai a shafe gurbin da mai, a cusa sabon danƙo, a matse, a bar shi ya kwana. Washegari ana iya goge shi, a huda, a yi masa fenti.

Inda haɗarin yake shi ne kamannin. Kwafin kan fito tamkar na kamfani, amma ba shi da ƙarfin ƙarfe, kuma zafi mai yawa na sassauta shi. Ya dace da ado da marfi da maɓalli. Bai dace da birki, ko sitiyari, ko duk abin da ke kusa da salansa ba. Haka nan ɗanyen danƙon kan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a fatar wasu, don haka a sa safar hannu, a kuma jiƙa abin da ruwa kafin a goge shi, kada a shaƙi ƙurarsa.