Hanyoyi Biyu na Kai Intanet Cikin Haiku

Ɗan ƙanwata ne ya jawo ni cikin wannan lamari. Yana karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, amma a gidanmu na Hubbare yake kwana, kusa da inda masu ziyarar kabarin Shehu ke tuɓe takalma. Wata rana bayan la'asar na same shi a zaure da tsohuwar laftof ɗinsa ta gwanjo, ya ɗora mata wata manhajar sarrafa kwamfuta mai suna Haiku. Ta tashi cikin daƙiƙu kaɗan, komai na aiki, ban da abu guda. Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, mi ya hana ta kama intanet?"

Haiku ba hajar kamfani ba ce kamar Windows. Masu sha'awa ne suka soma rubuta ta a 2001 don kada tsarin BeOS ya bi kamfanin da ya ƙirƙiro shi zuwa kabari, kuma har yau yawancinsu a lokacin hutunsu suke aikin. Tana da 'yan'uwa, irin su KolibriOS da ke iya shiga tsohon faifai mai megabait 1.44, da SerenityOS da Andreas Kling ya fara a 2018. Ciwonsu ɗaya idan aka zo kan intanet. Masu ƙera katin sadarwa suna rubuta direba, wato 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta magana da katin, don Windows, wani lokaci don Linux. Ba mai tunawa da Haiku. Hanyoyi biyu suka rage wa yaron, kuma duka mun bi su.

Ta farko ita ce a bar Windows a inda take, a buɗe QEMU ko VirtualBox, a gina kwamfutar ƙarya a cikin ta gaske, a zaunar da Haiku a ciki. Nan ba wata wahala. Manhajar tana ƙago wa Haiku wani tsohon katin Intel wanda kusan kowane tsari ya san shi, ta ba ta lambar adireshi 10.0.2.15, ta nuna mata 10.0.2.2 a matsayin ƙofar fita. Windows ce ke riƙe da wayifai, Haiku kuwa tana shan ruwa ne a randar maƙwabciya. Kafin ya gama shan shayinsa shafi ya buɗe a WebPositive, manhajar lilo ta Haiku. Ga wanda ke rubuta tsarinsa da kansa wannan rahama ce babba, domin direba ɗaya tal zai rubuta, kuma in ya yi kuskure ba abin da zai lalace.

Sai dai laftof mai ram giga 4 ba ta son ɗaukar tsari biyu a kai ɗaya. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, fankarta ta riƙa kuka kamar injin markaɗe, batiri kuma ya zube da wuri bayan an ɗauke wuta. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Na tambaye shi wa ya ba Haiku lambar nan ta 10.0.2.15, ya yi shiru. An gama masa aikin a bayan labule, bai ga hannun da ya yi shi ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda ya faro da ita: Haiku ita kaɗai a kan ƙarfen kwamfutar. Masu gina ta sun yi dabara, sun aro direbobin tsarin FreeBSD da na OpenBSD, don haka katunan wayifai da dama suna aiki. Nasa bai shiga cikinsu ba. Mun buɗe saitin sadarwa, babu ko alamarsa. Wasu katunan ma sai an sauko musu da wani ƙaramin fayil daga intanet kafin su farka, alhali intanet ɗin ake nema. A Turai mutum zai jawo kebul daga bango ya huta. Mu a Hubbare intanet a aljihu yake zuwa, a cikin layin MTN ko Airtel ko Glo.

Wannan ɗin ne ya fisshe mu. Kebul ɗin cajin waya, idan na ƙwarai ne mai ɗaukar bayanai, yana iya mayar da wayar Android ta zama katin sadarwa, kuma Haiku tana da direban da ke gane hakan. Na farko da muka gwada na caji ne kawai, irin mai arha da ake sayarwa a bakin titi, wayar ta yi ta cika, kwamfuta ba ta san da zuwanta ba. Da muka canza kebul, muka kunna raba data ta USB, sai ga sabuwar na'ura ta bayyana a jerin. Nan ya ga abin da idonsa: kwamfuta ta yi cigiyar adireshi, waya ta amsa da lamba mai farawa da 192.168. Sunan wannan musaya DHCP. Da shafi ya ƙi buɗewa, ya aika saƙon gwaji zuwa 8.8.8.8, amsa ta dawo, shi da kansa ya gane cewa hanya a buɗe take, mai fassara sunaye zuwa lambobi ne bai zauna ba. Ya gyara wurin mai fassarar, wato DNS, da hannu.

Ba na raina hanyar farko, kuma wanda ke da kwamfuta mai ƙarfi da wuta tsayayya ya fara da ita. Amma ga ɗalibinmu, mai tsohuwar na'ura da datar da yake lissafawa kamar kuɗin cefane, na fi son ta biyun nesa ba kusa ba. Haiku ita kaɗai ba ta da nauyi, ba ta kuma satar data a ɓoye don sabunta kanta. Hanya ta biyu ta cinye mana yini biyu, ta farko kuwa minti goma, amma a yini biyun nan ne ya koyi bambancin adireshi da ƙofar fita da mai fassara sunaye.

Ana kiran magariba a Masallacin Shehu shafin farko ta kebul ɗin waya ya buɗe. Ya ajiye wayar a kan tabarma a hankali don kada kebul ɗin ya motsa, muka tashi alwala.