SANGAYA: Kiɗan da ya ƙi tsufa

Idan la'asar ta yi sanyi a Gyaɗi-Gyaɗi, wani lokaci sai ka ji sautin "Sangaya" na tashi daga shagon masu tura waƙa a waya. Nan take za ka ga magidanci ya rage tafiya, ya yi kasaƙe, kamar an kira sunansa.

Kamfanin Sarauniya ne ya fitar da fim ɗin a 1999, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni. Ali Nuhu ya fito a ɗan sarki, Fati Mohammed kuma Zubaina. Amma fa kiɗan ne ya kai fim ɗin ko'ina. Fiyano aka sa ya kwaikwayi sarewa da gangar gargajiya, sai ya fito sabo fil, alhali kunnen Bahaushe ya san shi tun yana goye.

Yau rikoda ta koma ɗakin shirgi. Duk da haka, samari da 'yanmatan Tarauni da ba a haifa ba lokacin suna bin waƙar baiti-baiti. Sai dai kwafin da ke yawo a wayoyi duk ya dushe. 'Yan fim, wa zai adana na asalin?